In dai ARPA ta iya lissafin karo, me ya hana a bar mata sitiyarin jirgin ruwa?

Dalibin Ruwa:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu sanin harkar jirgin ruwa ku taimaka min da wata tambaya. Ina karatun tukin jirgi ne kuma yanzu mun shiga darasin rada da ARPA, to abinda ya daure min kai shine malaminmu ya dage sai mun zana da fensir a takardar nan mai da'irori, jirgi kaza yana nan, bayan minti shida ya koma can, mu ja layi mu auna, wlh jiya har karfe dayan dare ina abu daya kuma amsar ta ki fitowa. Alhali na'urar da kanta tana wannan lissafin, ka danna digon kawai ta fada maka gudunsa da inda ya nufa da tazarar da zaku wuce juna. To meye amfanin wahalar fensir? Kuma tunda ta san komai me ya hana a jona ta da sitiyari ta rinka kaucewa da kanta a huta da hadarin da mutane ke jawowa

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam. Kaji magana! Ni dama tuni nake fada, tsofaffin matuka ne kawai basa son a karbe musu aiki. Na'ura bata gyangyadi bata danna waya bata fushi

Mai Tambaya:
Ku yi hakuri ni bako ne a fannin, wai mece ce ARPA din ma tukunna, daban take da rada?

Injiniya Mace:
@Mai Tambaya rada ita ce idon, ARPA kuma kwamfutar da ke zaune a bayan idon tana lissafi. Eriyar nan da kake gani tana juyawa a saman jirgi, tana harba sigina ya je ya daki ƙarfe ya dawo, daga lokacin da ya ɗauka a san nisa, daga inda eriyar ta fuskanta a san kusurwa. Iyakar abin da rada ta sani ke nan fa, nisa da kusurwa, ɗigo ne kawai a allo. Ba ta san gudun jirgin ba, ba ta san inda ya dosa ba. Eriyar tana zagayowa duk bayan kamar sakan biyu zuwa uku, to ARPA sai ta riƙa ajiye inda ɗigon yake a kowane zagaye, ta jera su, ta ga ya matsa kaza cikin lokaci kaza, ta haɗa da namu gudun da namu kamfas ta fitar da nasa. Daga nan sai ta ba ka lambobi biyu da duk matuƙi yake kallo, CPA wato mafi ƙarancin tazarar da za ta rage tsakaninku in kowa ya ci gaba yadda yake, da TCPA wato minti nawa suka rage kafin ku kai wannan wurin. Ka lura da abin da na ce, IN KOWA YA CI GABA YADDA YAKE. Duk rigimar a nan take.

Tsohon Matuƙi:
Injiniya ta riga ni, sannu da ƙoƙari. Ɗana Ɗalibi, bari in tambaye ka abu ɗaya kafin in ce komai. In ka danna ɗigo yanzu, minti nawa ARPA take ɗauka kafin lambobinta su zama abin dogaro?

Dalibin Ruwa:
Baba ai nan take take nunawa

Tsohon Matuƙi:
To nan ne ka faɗi jarabawa. Nunawa daban, gaskiya daban. Ƙa'idar IMO, hukumar kula da harkar jiragen ruwa ta duniya, cewa ta yi cikin minti ɗaya na'urar ta nuna maka alamar inda abin ya karkata, cikin minti uku kuma ta ba ka cikakken lissafi, shi ma da sharaɗin jirgin yana tafiya a miƙe bai canza komai ba. Yanzu yi lissafi da ni, kai kana mil 15 a awa, shi yana mil 15, kun fuskanci juna, ke nan kuna cinye mil 30 a awa, rabin mil kowane minti, minti ukun nan mil ɗaya da rabi ne suka tafi kana jiran kwamfuta ta gama tunani. Kuma mil na teku nake nufi mai mita 1852. In yana mil shida lokacin da ka fara ganinsa minti 12 gare ka gaba ɗaya, ka cire uku. Wannan ma in bai juya ba ke nan, da zarar ya taɓa sitiyari lissafin ya koma baya, kibiyar da ke allo za ta ci gaba da nuna tsohuwar hanyarsa na ɗan lokaci tana lanƙwasowa a hankali a hankali, kai kana kallon labarin ɗazu kana ɗauka na yanzu ne. Jirgin ruwa kuma ba mota ba ce da za ka taka birki, babbar tanka cike da kaya ko ka juya inji baya sai ta ci kilomitoci kafin ta tsaya.

Sarkin Gardama:
Toh ai wannan matsalar tsohuwar na'ura ce Baba, a sa mata kwamfuta mai sauri mana

Injiniya Mace:
Hhh ba saurin kwamfuta ba ne matsalar Malam Gardama. Ɗigon da rada ke kawowa yana rawa, jirginka yana tangaɗi, nasa yana tangaɗi, wani zagayen siginar ta daki gaban jirgin wani zagayen ta daki bayansa, jirgi mai tsawon mita 300 kuwa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. In na'urar ta yarda da kowane motsi nan take kibiyar za ta yi ta tsalle kamar an taka wutsiyar mage, ba wanda zai iya karanta ta. Shi ya sa ake tace bayanan, a tara zagaye da yawa a ɗauki tsaka-tsaki. To tacewar ita ce jinkirin. Ka ƙara tacewa ka samu kibiya mai natsuwa amma mai jinkiri, ka rage ka samu mai sauri amma mai ƙarya. Ko wace irin kwamfuta ka kawo dole ta jira eriya ta zagayo, kuma dole sai jirgin ya riga ya juya kafin a ga ya juya, ba ta karanta zuciyar mutumin da ke can ɗakin tuƙi.

Mai Tambaya:
Ikon Allah. Ashe dai hasashe take yi

Tsohon Matuƙi:
Hasashe ne, mai kyau ƙwarai in an san iyakarsa. Ni ba maƙiyin ARPA ba ne kada a fahimce ni a baibai, wanda ya taɓa ratsa mashigin Dover ko na Singafo da dare jirage fiye da ashirin a allo ya san ba mahaluƙin da zai zana su duka da fensir, kafin ka gama na uku na farko ya iso. Shi ya sa dokar SOLAS, wato ta kare rayuka a teku, ta wajabta wa jirage masu tan 10,000 zuwa sama na'urar da za ta iya bibiyar aƙalla ɗigo 20 da kanta. Amma ku san tarihin abin. A 1956, ran 25 ga Yuli da dare, jirgin fasinjan Italiya Andrea Doria yana shiga New York, na Suwidin mai suna Stockholm yana fitowa, suka haɗu kusa da tsibirin Nantucket cikin hazo. Dukkansu suna da rada, dukkansu sun ga juna tun da nisa, wannan shi ne abin takaicin. Na Italiya ya ɗauka za su wuce dama da dama sai ya ɗan karkata hagu don ƙara tazara, kuma bai rage gudu ba sai ɗan kaɗan, na Suwidin ya ɗauka hagu da hagu za su wuce sai ya karkata dama, kowa yana ganin gyara yake yi alhali shiga gaban juna suke. Stockholm ya soke shi a gefen dama, mutum 46 suka rasu a Andrea Doria 5 a Stockholm, washegari da safe jirgin ya nutse. Tun daga lokacin ake maganar karon da rada ta taimaka aka yi, don ganin ɗigon ya ba su ƙarfin zuciyar da da ba su gani ba da sun tafi a hankali. Ganin ɗigo ba tare da lissafi ba ya fi makanta haɗari, irin wannan ne ya sa aka matsa a kan zane, daga baya kwamfuta ta zo ta ɗauke zanen, IMO ta fitar da ƙa'idar ARPA ta farko a 1979.

Sarkin Gardama:
Allah ya kyauta. Amma Baba ai labarin nan ni ya goyawa baya, mutane ne suka yi kuskure, da na'ura ce a jiragen biyu da kowacce ta bi doka daya an wuce lafiya

Tsohon Matuƙi:
Da na'ura ce a jiragen BIYU ka ce. To teku ba na jirage biyu ba ne. Akwai kwale-kwalen masunta na katako ko na roba wanda rada da kyar take ganinsa, in teku ya ɗan tashi ya ɓace cikin tarkacen da raƙuman ruwa ke zubawa a allo, kai kuma in ka murɗa maɓallin share tarkacen da yawa ka share shi tare da su. Akwai mai jan raga a bayansa, akwai wanda injinsa ya mutu, akwai wanda matuƙinsa ke barci. Doka ta bambanta mai raga da mai mataccen inji, kuma da fitila ko alamar da ya rataya ake gane su, ɗigo a rada duk iri ɗaya ne.

Injiniya Mace:
Ƙari a kan maganar Baba, akwai abin da muke kira musayar ɗigo, jirage biyu su wuce kusa da juna ko jirgi ya wuce kusa da alamar da ke kafe a ruwa, sai na'urar ta rikice ta ɗauki kibiyar wannan ta manna wa wancan, kawai ka ga alamar da ba ta motsi tana gudun mil 12 a allo, jirgin gaske kuma an sake shi ba mai bibiyarsa. Sannan duk lissafin gudunsa da hanyarsa na ainihi ya dogara ne da abin da naka kamfas da naka ma'aunin gudu suka faɗa mata, in ma'aunin gudunka ya yi ƙarya za ta zana maka jirgin yana fuskantar wani wajen da ba nan ya fuskanta ba, kuma za ta rubuta lambar da kyau har da ɗigo kaza, abin da ke yaudarar mutane ke nan, lamba in ta fito tsaf a allo sai zuciya ta kwanta.

Dalibin Ruwa:
Anti wannan na ma'aunin gudu shi ne ma ban gane ba a aji, malam yace wajen kaucewa karo a sa gudun ruwa, wato gudun jirgi a jikin ruwan da yake kai, kar a sa na GPS, ni kuma naga ai GPS yafi daidai

Injiniya Mace:
Ya fi daidai wajen gaya maka yadda kake tafiya a kan ƙasa, amma ba tambayar da dokar karo ke yi ba ke nan ƙanena. Doka tana kallon yadda jiragen suka fuskanci juna, gaba da gaba ne, gicciye ne, ko wani na bin bayan wani. In akwai jan ruwa mai ƙarfi daga gefe, hancin jirgin yana kallon wani waje amma ruwa yana tura shi wani wajen, kibiyar GPS za ta nuna maka inda ake tura shi, sai ka ɗauka gicciye ne alhali in ka leƙa taga fitilunsa biyu ja da kore kake gani wato gaba da gaba kuke. Ruwan da ke jansa shi ke janka, don haka in ka sa gudun ruwa kibiyar ta fi kusa da inda hancinsa yake. CPA ɗin dai ba ya canzawa ko wanne ka sa, don shi daga motsin ɗigon kai tsaye ake samunsa.

Dan Intanet:
Ni duk wannan dogon turancin ban ga dalilinsa ba tunda akwai AIS, na'urar nan da jirgi ke aika bayanansa da ita, ko a waya ina bude manhaja inga jirage da sunansu da gudunsu da inda zasu, jirgin da kansa yake fada ba sai an yi hasashe ba

Tsohon Matuƙi:
Ka faɗi amsar da bakinka ɗana, jirgin da KANSA yake faɗa. AIS na da amfani sosai, yana ba ka suna, yana nuna juyawa da wuri fiye da ARPA don babban jirgi mai tafiya yana aiko saƙo duk sakan 2 zuwa 10, har bayan tsibiri inda rada ba ta gani yakan kawo. Amma labari ne aka ba ka, rada kuwa kai ka auna, gani ya kori ji. Yana iya kashe shi, yana iya shigar da bayanin ƙarya ko na kuskure, GPS ɗinsa na iya rikicewa, ƙananan jirage da yawa ma doka ba ta tilasta musu ba. Ka duba jirgin yaƙin Norway Helge Ingstad, ran 8 ga Nuwamba 2018 da asuba, yana tafe AIS ɗinsa na karɓa amma ba ya aikawa, tankar mai Sola TS ta taso daga tasha fitilun saman jirgin a kunne, masu duti a jirgin yaƙin suka ɗauka hasken wani abu ne da ke tsaye a bakin gaɓa, har aka kira su ta rediyo aka ce su juya dama suka ƙi don a tunaninsu in sun juya za su kusanci abin nan mai haske, ashe shi ne yake musu magana. Jirgi cike da na'urori na zamani, ƙarshenta ya nutse, Allah ya sa ba a rasa rai ba.

Sarkin Gardama:
Yauwa!! Ido ne ya yaudare su ai, idon da kuke ta yabo. Ga kuma jiragen yakin Amurka biyu a 2017, Fitzgerald kusa da Japan mutum 7, John S. McCain kusa da Singafo mutum 10, duk mutane ne a kan duti

Injiniya Mace:
A nan kam Malam Gardama ka ɗan samu Baba, ido ma yana ƙarya, da sun kama hasken nan a rada sun bibiye shi da sun ga yana motsi. Amma McCain kada ka sa shi a layinka, shi rikicin allon taɓawa ne, an mayar da sarrafa sitiyari da inji daga wannan kujera zuwa waccan ba a san wa ke riƙe da me ba, jirgin ya karkata ya shiga gaban tanka, har daga baya sojin ruwan Amurka suka ce za su mayar da hannun inji na ƙarfe a irin jiragen. Wato ƙarin na'ura ne ya rikita mutane a wannan.

Tsohon Matuƙi:
Ban ce ido ba ya kuskure ba, dokar COLREG ta 1972, wato dokar hana karo a teku, ma ba ta ce ido kaɗai ba, doka ta 5 cewa ta yi ka yi tsaro da gani da ji da duk wata hanya da kake da ita, ta 7 kuma ta hana yanke hukunci da guntun bayani, ta ambaci guntun bayanin rada da suna. Kowanne yana kama ƙaryar ɗan uwansa. Ni kaina ya taɓa cina, ina ƙaramin jami'i a wani jirgin kaya, dare ne garau ba hazo, ARPA ta ce CPA mil ɗaya da ɗan kai na koma kan takardu hankalina kwance, matuƙin da ke tsaye a taga dattijo ne ko allon ba ya kallo ya ce min yallaɓai fitilar can fa tun ɗazu ba ta gusa daga jikin ƙarfen tagar nan ba kuma ƙara haske take, na ɗauki kusurwa da kamfas, na sake ɗauka, lamba ɗaya. Ashe mutumin yana ta ɗan juyawa kaɗan kaɗan digiri biyar biyar na'urar tana binsa a baya ba ta cim masa ba. Na juya dama sosai muka wuce ta bayansa, ƙafafuna sai da suka yi rawa, kyaftin da ya ji jirgi ya kwanta ya hau sama, abin da ya gaya min ba zai rubutu a nan ba.

Mai Tambaya:
Hahaha Baba a dan gutsura mana

Tsohon Matuƙi:
A'a akwai yara a gidan nan.

Dalibin Ruwa:
To Baba ina maganar fensir din, har yanzu ban ga inda ya shigo ba

Tsohon Matuƙi:
Ba don ka riƙa zane a teku ake koya maka ba, don in allo ya nuna abin da ba zai yiwu ba cikinka ya gaya maka. Wanda bai taɓa jan layukan nan uku da hannunsa ba, naka da nasa da na kusantar juna, ba zai gane bambancin kibiyar ainihi mai nuna hanyarsa ta gaske da kibiyar kusanta mai nuna yadda yake matso ka ba, kuma mutane sun sha kallon ɗaya suna ɗauka ɗayar ce. Gwada wannan ba takarda. Rana ce garau, ɗigo yana damanka digiri 40 daga hancin jirgi, nisa mil 8. Bayan minti shida yana mil 6, kusurwa ba ta canza ba, kuma jirgi ne mai inji kamar naka. Ba ni CPA da TCPA, kuma wa zai kauce?

Dan Intanet:
Ni dai na fita, lissafi ba abokina bane

Dalibin Ruwa:
Mil 2 a minti shida, sau goma, mil 20 a awa muke kusantar juna. Saura mil 6 kenan minti 18. Tunda kusurwa bata canza ba CPA sifili ne, karo zamu yi. Yana damana to doka ta 15 ni zan kauce, in juya dama in bi ta bayansa

Tsohon Matuƙi:
Madalla, ka ga ba ka jira minti uku ba. Digiri nawa za ka juya?

Dalibin Ruwa:
Kamar 10 haka? In gani in bai isa ba in kara

Injiniya Mace:
Wayyo ƙanena, ka zama mutumin da ya sa ƙafafun Baba rawa 😂

Tsohon Matuƙi:
Shi ne fa sak. Doka ta 8 ta ce juyin ya zama babba yadda wancan zai gane da ido ko a radarsa, kuma ta ce a guji ƙananan canje-canje a jere. Ka tuna shi ma ARPA gare shi mai irin jinkirin taka, digiri 10 sai ya daɗe bai gani ba, ya ɗauka barci kake, shi ma ya fara nasa dabarar, ku koma Andrea Doria. Tun yana mil 6 ka juya har hancinka ya wuce bayansa ya ga jar fitilarka in dare ne, a nan wajen digiri 50 ko fiye, kuma kafin ka juya ka gwada a maɓallin gwaji na ARPA ka ga ko za ka faɗa kan wani, sannan ka leƙa bayanka ta dama ko akwai mai shirin wuce ka.

Sarkin Gardama:
Duk da haka ina nan kan bakana, Norway sun riga sun gina jirgin kaya mai suna Yara Birkeland dan ya rinka tuka kansa, nan da wasu shekaru zaku gani

Injiniya Mace:
Ana aikin kam ba musu, kuma suna haɗa rada da kamara da AIS ne don kowanne ya rufe ramin ɗan uwansa. Amma gajeriyar hanya yake bi a gaɓar ƙasa ɗaya, kuma da mutane a ciki ya fara aiki. Ka zo ka rubuta min a kwamfuta ma'anar "da wuri" ko "tazara mai aminci" da lamba, dokar ba ta ba da lamba ba, mil biyu a tsakiyar teku kusa ne, a mashigin Singafo kuwa in ka ce sai mil biyu ƙararrawarka ba za ta yi shiru ba har ka gaji ka kashe ta.

Dalibin Ruwa:
Baba in da a hazo ne fa wannan lissafin, bana ganinsa sai a rada, shima ni zan kauce?

Tsohon Matuƙi:
A hazo babu mai kaucewa da mai miƙewa, doka ta 15 ta waɗanda ke ganin juna ce, ta 19 ke aiki, kowa zai ɗauki mataki, kuma ka guji juyawa hagu saboda jirgin da ke gabanka sai in wuce shi kake yi. Je ka karanta ta yau, gobe ka kawo min zanen jiyan da ya ƙi fitowa, ina zargin layin naka jirgin ka ja a juye.

Dalibin Ruwa:
Na duba yanzu. A juye yake wlh 🙈